Ɗalibar Shadawanka da Taswirar Duwatsu

A sashenmu na nazarin duwatsu da ma'adinai ba a ba ɗalibi digiri sai ya fita daji ya zana taswirar duwatsun wani yanki da hannunsa. Ɗalibai suna kiran wannan fita fil. A aji uku ake yin babbar, wadda ake kwashe makonni ana kwana a azuzuwan firamaren wani ƙauye, a tashi da sassafe a yi ta tafiya a ƙasa da guduma da kamfas, na'urar nuna alƙibla da auna kwanciyar dutse, ana hawa ana sauka, har rana ta yi sanyi. Na yi ta ina ɗaliba, na kuma daɗe ina kai ɗalibai, har gwiwoyina sun fara ƙorafi.

A Ƙofar Dumi ta cikin garin Bauchi aka haife ni, a wani lungu da mota ba ta shiga sai babur, shi ma sai mai tafiya ya manne da bango. Mahaifina maƙeri ne. Bai taɓa gane abin da zai kai 'yarsa jami'a don ta karanta dutse ba, amma shi ya ƙera mini gudumata ta farko, yana gaya wa maƙwabta aikin neman ruwa nake koyo, don hakan ya fi shiga kunne. A ajinmu mata ba mu da yawa. Da muka fita fil babu wanda ya zage mu, babu wanda ya kore mu. Maza dai suka karɓi guduma da kamfas, suka miƙo mana littafi da biro, wai don a hutar da mu. Su auna, mu rubuta. Da yamma kuma tukunya tana jiranmu. Babu makewayi a dajin, babu kuma wanda ya ɗauki hakan a matsayin matsala, sai muka daina shan ruwa tun safe, a tsakiyar bazara. Na dawo gida da ciwon mara, ban iya riƙe kamfas daidai ba. Daga baya na koya wa kaina a kan wani falalen dutse a bayan Yelwa.

Da na zama malama na riƙa gyara ƙananan abubuwa. Na ce kowane ɗalibi sai ya auna da hannunsa. Na sa ana tafiya da zannuwa da sanduna a kafa ɗan makewayi a duk inda aka yada zango. Na raba girki tsakanin maza da mata. Kowanne daga cikin waɗannan sai da aka yi taro a kansa, kuma duk shekarar da ban je ba sai a manta da shi, in dawo in sake tada maganar daga tushe.

A cikin wannan gajiyar nake ranar da wata yarinya ta shigo ofishina. Na san ta a aji. 'Yar soja ce, a barikin Shadawanka suke zaune, asalinsu Kiristoci ne daga kudancin jiharmu, wajen Bogoro. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama, da sandar ƙarfe take tafiya, irin wadda ake zura hannu a ciki. Kullum a layin gaba take zama, saboda matattakalar ɗakin lacca tana ba ta wahala.

Ta gaishe ni, na nuna mata kujera. Ta jingine sandar a jikin teburina.

"Ma, an ce ba za ni fil ba."

"Wa ya ce?"

"Shugaban sashe. Ya ce za a ba ni aiki a laburare, in rubuta a kan duwatsun Dass daga littattafai, a ba ni makin wucewa."

"Ke kuma me kika ce masa?"

"Na ce na gode. Ban san abin da zan ce ba." Ta murza bakin mayafin da ta ɗaura a kanta. "Ma, in aka ba ni takarda ban fita ba, ranar da aka tsayar da ni gaban dutse me zan ce? Ban zo nan don a tausaya mini ba."

Gaskiya ban yi murna da zuwanta ba. Darussa sun yi mini yawa a zangon, mahaifiyata ba ta da lafiya, kuma na san abin da zai biyo bayan wannan magana, wato taro. Amma na dube ta na ce ta tafi, zan yi magana.

A taron sashe ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Da na kawo zancen sai wani dattijon farfesa, wanda ya koyar da ni, ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, da ƙafa ake zama masanin dutse. Ke kanki kin sani." Wani ya ce in ta faɗi ta karye, wa zai amsa tambayar ubanta, soja ne fa. Wani kuma ya ce shi a ganinsa aikin laburaren ma alheri aka yi mata. Babu mugu a cikinsu. Mutane ne da suka sha wuyar daji, suna kuma ganin wuyar ita ce karatun.

Na ce, "Ranku ya daɗe, garin nan a kan dutse yake zaune. Dutsen nan mai duhun kore da masana suka laƙaba wa sunan Bauchi, a bakin titi yake. Daga wasu jami'o'i ake ɗebo ɗalibai a bas su zo su gan shi. Me zai hana mu yanka mata yanki a gefen gari, inda mota za ta kai ta kusa, ta auna da hannunta, ta kwana a gida?"

"Wannan ai yawon gari ne, ba fil ba," in ji farfesan.

Aka yi dariya, aka wuce zuwa maganar jadawalin jarrabawa. Bayan an watse shugaban sashe ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce in samo amincewar iyayenta tukuna, sannan in same shi a gida.

Ranar Asabar na tafi Shadawanka. A bakin ƙofa soja ya duba katina, ya leƙa cikin mota, ya nuna mini hanya. Gidajen ƙananan sojoji a jere suke, ɗaki bayan ɗaki, igiyoyin shanya sun ratsa tsakaninsu, ana jin Hausa da Turancin bariki da harsunan da ban sani ba. Mahaifinta ba ya nan, an tura su aiki arewa maso gabas. Mahaifiyarta na tarar a kasuwar mami, wato kasuwar cikin bariki, inda take sayar da tuwon masara da miya. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfar, ta kai ni ɗaki, ta dama mini kunun gyaɗa duk da na ce a ƙoshe nake.

Na yi mata bayani. Ta saurara hannunta a haɓa.

"Malama," ta ce, "ubanta yana daji, ba na barci. Ita ma kuma daji za ku kai mini ita?"

"Mama, ba daji ba ne. Bayan gari ne, hanyar Dass. Kullum a nan za ta kwana."

"A bayana na riƙa goya ta zuwa firamare, har ta yi mini nauyi. Mutane suna cewa in bar ta a gida in koya mata ɗinki. Ban bari ba. Amma hawan dutse…" Ta juya ta dubi 'yarta, wadda ke zaune a bakin gado. Suka yi 'yar magana da harshensu. Sai uwar ta sauke numfashi ta ce, "Ta ce in na hana ta, goyon da na yi ya tashi a banza. To, ku je. Amma ke na ba wa, Malama, ba makaranta ba."

Ta yi addu'a irin tasu, na ce amin.

Gidan shugaban sashe a GRA yake, cikin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da manyan itatuwan maɗaci. Na jira a baranda har ya gama da baƙinsa. Da ya fito ya karanta abin da na tsara, ya yi ta jujjuya biro.

"Hajiya, wannan karon kawai. Kada ya zama al'ada. Kuma babu mota, bas zai tafi da babban rukuni. Sannan doka ba ta yarda ɗalibi ya yi fil shi kaɗai ba, sai ki nemo mata abokan aiki."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Kin san kuma in kin tsaya a gari, 'yan matan da za su tafi ƙauye ba su da malama mace."

Na sani. Tun a mota nake tunanin hakan. Ya sa hannu.

Na ɗauka abokan aiki za su yi wuyar samu, sai ga shi sun kawo kansu. Ta farko matar aure ce mai shayarwa, wadda fil ya wuce ta bara saboda ciki, bana kuma tana shirin sake rasa shi saboda jariri. Na biyu wani saurayi ne siriri mai yawan shiru. Ya rufe ƙofar ofishina kafin ya gaya mini yana da sikila, kuma tun aji ɗaya yake ɓoyewa don kada a ce ya canja sashe. A ƙaramar fitar da aka yi a aji biyu, ya ce, da ƙyar ya dawo gida da ƙafarsa, ya kwanta asibiti, ya ce wa abokansa zazzaɓi ne. Kafin mako ya zagayo 'yan ajinsu sun raɗa musu suna rukunin asibiti. Sunan ya iso kunnena ta bakin wani malami, yana faɗa yana murmushi.

Bas ya tafi da sauran, mu kuma muka fara da tsohuwar motata. Kullum da safe in bi ta Shadawanka in ɗauki yarinyar, in tsaya a Wunti in ɗauki sauran biyun, mu fita ta hanyar Dass, mu sauka daga kwalta mu bi hanyar manyan motocin tsakuwa har inda motar za ta iya.

Ranar farko sandar ta ba mu kunya. Robar gindinta an yi ta ne don siminti, a kan sulɓin dutse zamewa take yi. Yarinyar ta faɗi tun ba mu auna komai ba, ta gurje gwiwar hannu. Ta tashi da kanta, ta ce kada wanda ya taɓa ta. Da yamma na kai sandar maƙerar gidanmu, wadda yayana ya gada. Ya jujjuya ta, ya yanko wani yanki na tsohuwar tayar mota, ya faɗaɗa gindin ya ɗaure da ƙarfe. Ba ta yi kyan gani ba, kuma ta ƙara nauyi, amma ta daina zamewa.

Daga nan aiki ya kama hanya, a hankali ƙwarai. Abin da babban rukuni ke gamawa kafin hantsi, mu sai mu kai azahar a kansa. Yarinyar a zaune take aunawa. Ta ja jiki zuwa fuskar dutsen, ta ajiye sanda, ta kwantar da kamfas, ta karanta, ta rubuta da kanta. Hannayenta suna da ƙarfi saboda shekarun riƙe sanda, in ta sara dutse sau ɗaya yake ɓallewa. Matar auren kuma da rana ƙanwar mijinta take kawo mata jaririn a acaba, ta koma gindin wata ɗorawa ta shayar da shi, taswirarta a shimfiɗe a gefe an danne da tsakuwa. Saurayin sai na riƙa tilasta masa shan ruwa da zama a inuwa, yana jin haushina, domin ya saba nuna wa duniya lafiyarsa ƙalau. Duk da haka ciwon ya kama shi a mako na biyu. Muka bar aikin muka kai shi asibiti, yana cije baki a kujerar baya, matar auren tana riƙe da kansa tana karanta masa addu'a. Sai da ya kwana biyu sannan ya dawo.

A cikin yankinmu akwai wurin da ake fasa dutse, mata suna zaune a rana suna mayar da shi tsakuwa. Da farko kallonmu kawai suke yi. Daga baya suka saba da mu, suka riƙa matsa mana a rumfarsu ta buhu, suna tsokanar yarinyar cewa ga ta da karatu amma ta zo tana ƙwace musu sana'a. A bayan rumfar tasu akwai ɗan kewayen zana, shi ya zama makewayinmu.

Wata rana yarinyar tana zaune a gefen hanya, gaban wani dutse da aka yanka lokacin aikin titi, sandarta a kwance kusa da ita, sai wata mota ta tsaya. Wani dattijo cikin babbar riga ya sauke gilashi ya miƙo mata sadaka.

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, aiki nake yi."

"To karɓi mana, 'yata. Allah ya ba ki lafiya."

"Lafiyata ƙalau, Baba. Na gode."

Ya dubi gudumar hannunta, ya dube ni, bai gane ba, ya ja motarsa. Matar auren ce ta fara dariya, saurayin ya kama, ita ma ta ɗan yi. Amma a hanyar gida fuskarta tana wajen taga.

A gefen yankin akwai wani ɗan tsauni. Ga mai ƙafa biyu ba wani abu ba ne, yara masu kiwo a guje suke hawansa. A samansa ne duwatsu iri biyu suka haɗu, mai duhun koren nan da wani fari mai manyan ƙwayoyi, kuma duk mai zana taswirar wurin dole ya ja layin da ya raba su. Na yi ta ɗaga ranar zuwa can har ya zama shi kaɗai ya rage.

Yarinyar ta ce za ta hau. Ta miƙa wa saurayin sandar, ta zauna ta juya wa tsaunin baya, ta riƙa ɗaga jikinta da hannuwa tana ja sama, ƙafar tana biye. Mun fito da wuri, amma dutsen bazara ba ya daɗewa bai ɗau zafi ba. Ta naɗe tafukanta da mayafi ta ci gaba. Ina gefenta ina hawa a tsugune, ban san ko taimako nake yi ba ko tsaro. Da muka kai wajen rabi sai gangaren ya miƙe, dutsen ya zama sumul, babu inda yatsa zai kama. 

Na ce, "Ya isa haka."

"Ma, saura kaɗan."

"Ba kaɗan ba ne, ina gani daga nan. In kika zame ba zan iya tare ki ba, kuma ni aka ba wa ke."

Ta daɗe a zaune a wurin tana kallon rufin kwanon garin daga nesa. Ba ta yi kuka ba. Saukowa ta fi hawan wuya, a nan ne kawai ta yarda na riƙe ta. Da muka kai ta inuwa, ni da matar auren muka hau, muka ɗauki hotuna a waya, muka saro samfuri daga kowane ɓangare muka kawo mata. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya da ɗan gilashin ƙara girma.

A ƙa'idar taswira, iyakar da ka gani da idonka da miƙaƙƙen layi ake zana ta, wadda ka yi hasashe kuma da layi mai tsinke-tsinke. Na ce mata tana iya jan miƙaƙƙe tunda 'yan rukuninta sun gani. Ta ce a'a, taswirar da sunanta za ta fita, ita kuwa ba ta gani ba. Na gaji da gardama a ranar, na ƙyale ta.

Babban rukuni suka dawo daga ƙauye sun yi baƙi sun rame, suna alfahari da wuyar da suka sha. Bayan kwana biyu 'yan matan cikinsu suka zo ofishina. An manta da zannuwan makewayi a sito. Girki ya koma kansu tun daren farko. Ɗaya ta ce ba ta taɓa kamfas ba sai ranar da malami zai duba su. Suna faɗa suna kallona kamar ni na yashe su, kuma ban ga laifinsu ba. Na ba su haƙuri, na ɗebe su a motata ranar Asabar na kai su falalen dutsen bayan Yelwa, kowacce ta auna har ta iya.

Ranar kare aiki, da ɗalibai ke amsa tambayoyi a kan taswirarsu, an gayyato wani malami daga wata jami'a ya yi alƙalanci. Ya shimfiɗa taswirar yarinyar, ya bi ta da yatsa, ya tsaya a kan tsaunin.

"Wannan layin me ya sa kika tsittsinka shi? Abokan aikinki miƙaƙƙe suka ja."

"Ban gani da idona ba, Yallaɓai."

"Me ya hana ki?"

 Ya ɗago kai, ya ga sandar a jingine da bango, ya yi gyaran murya ya wuce zuwa wata tambayar. Sauran tambayoyin ta amsa wasu daidai, ta yi tuntuɓe a wasu, kamar kowane ɗalibi. A rahotonsa ya rubuta cewa aikin rukunin yana da tsabta, sai dai yankin ya yi sauƙi idan aka kwatanta da na sauran. Aka ba su matsakaicin maki, su ukun. Na so in yi magana a kan kalmar sauƙi, sai na ga shugaban sashe yana kallon agogo. Sun ci, shi ne abin da na zo nema.

Mahaifiyarta ta aiko mini da kwanon tuwo da miyar karkashi har ofis ranar da sakamako ya fito. Mahaifinta ya kira ni daga inda yake, layin yana yankewa, abin da na ji kawai shi ne godiya.

Shekarar da ta biyo baya aka canja shugaban sashe, ni kuma lokacin fil ya same ni a asibiti ina jinyar mahaifiyata, jinyar da ba ta tashi ba. Babu wanda ya soke yankin bayan gari, ba a dai sa shi a tsari ba. Da na dawo na tambaya, aka ce ai bana babu mai buƙata. Ban san yadda aka yi aka sani ba, tunda ba a tambayi kowa ba. Yanzu ma an yanka filaye a wajen, masu fasa dutse sun cinye gefen tsaunin, gidaje suna ta matsowa.

Yarinyar ta gama, ta yi hidimar ƙasa, ta shiga neman aiki. Duk inda ta je sai a dubi takardarta, a dubi ƙafarta, a ce aikin nasu na daji ne. Ta daɗe tana taya uwarta a rumfar tuwo. A ƙarshe wani ɗan kasuwa mutumin kudu, mai shagon famfuna da injin haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗauke ta. Ta ce mini tambaya ɗaya ya yi mata, ko ta iya karanta abin da na'urar neman ruwa ke nunawa. Yanzu a gaban motarsu take zama a je wurin aiki, ma'aikata su ja wayoyi, ita ta zauna a kujerar roba tana karantawa, ta ce a haƙa nan ko a matsa can. Albashin bai taka kara ya karya ba, ta kuma ce in ruwa bai fito ba ita ake fara kallo. Takan leƙo ni jefi-jefi. Matar auren tana koyarwa a wata sakandare. Saurayin na daina jin labarinsa, lambarsa ba ta shiga, kuma ina tsoron tambaya.

Bana wani ɗalibi zabiya ya shigo aji uku. Rana tana ƙona masa fata har ta yi gyambo, idonsa kuma ba ya jure haske. Ya zo ofishina da hular kwano a hannu, ya ce wata 'yar unguwarsu da ta yi sashen ta ce ni zai gani. Na sake kai magana taro. Dattijon farfesan ya yi ritaya, amma wani matashin malami, wanda ni na koyar da shi, ya ce a ganinsa fil ba wurin lallashi ba ne. Na maimaita abin da na faɗa a shekarun baya, kusan kalma da kalma, har ina jin muryata kamar ta wata. Na ce a rubuta tsarin a cikin dokar sashe, ya daina dogara da motata da lafiyata. Sabon shugaban ya ce shawara ce mai kyau, ya kamata a kafa ƙaramin kwamiti ya duba ta. Aka naɗa ni shugabar kwamitin. Da aka nemi waɗanda za su taya ni, kowa ya sunkuya yana duba wayarsa.

Na fito na tarar da yaron a bakin baranda, ya laɓe a inuwar ginshiƙi yana jira. Na ce masa ya nemi riga mai dogon hannu da malafa mai faɗi da baƙin tabarau, za mu riƙa fita da asuba mu dawo kafin rana ta take. Ya tambaye ni ko an amince ke nan. Na ce ba a hana ba.

Daga nan na biya wurin makanike, domin motar ta fara wani ƙara a ƙafar gaba, kuma hanyar manyan motocin ba ta da kirki. Ya ce in bar ta sai jibi. Na tari acaba zuwa gida, na cire takalmi, na zuba ruwan ɗumi a roba na tsoma ƙafafuna, na zauna a tsakar gida har aka kira magariba.